Gwiwar Umma, Bayan Abba

1/ Ran Juma'a in kun je masallaci, ku ɗan waiga bayan sahu ku ƙirga kujerun roba. Sai ku kalli waɗanda ke zaune a kai. Ba duka ne tsofaffi tukuf ba fa. Da yawa 'yan 48 ne, 52, 55. Sa'o'in iyayenmu. Wasu ma iyayen namu ne. Zaren yana da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Tun kafin a fara jifa: ba na zargin kowa. Addini ya yi rangwame, wanda ba ya iya tsayuwa ko sujada ya yi yadda zai iya. Maganata a kan shekara biyar ko goma ɗin da ke gabatar kujerar ce, lokacin da gwiwa da ƙugu suka fara ƙorafi ƙasa-ƙasa, mu kuma muna cewa "ai girma ne, sai haƙuri".

3/ Ni ɗalibar fisiyo ce, aji huɗu. Ban zama komai ba tukuna, don haka kar wani ya ɗauki zaren nan a matsayin takardar likita. Abin da ake koya mana ne, da abin da na gani da idona a gidanmu cikin wata bakwai.

4/ Ummata shekararta 53, ɗinki take yi. Ta fi shekara ashirin a kan keke. Daga an karya har la'asar tana zaune, in sallah ta gabato kuwa sai ta kai biyun dare. Da keken nan aka biya mana kuɗin makaranta da yawa, don haka ba na raina shi.

5/ Abin bai zo lokaci ɗaya ba. Da farko zik ɗin bayan riga ne, sai ta kira ni in ja mata. Can kuma zaman tahiya, ta fara miƙe ƙafa ɗaya gefe. Sai tashi daga tabarma ya koma sai ta dafa bango, da "wash Allah" ɗinta. Bara kawai na dawo hutu na tarar da kujera a kusa da sallayarta.

6/ Ga shi ta yi shekaru tana zubin adashe don aikin Hajji. Wani dare ta ce min, "Dakta," (haka take tsokanata) "tsakanin Safa da Marwa nisan nawa ne?" Na ce kusan mita 450, kuma sau bakwai ake yi, ya haura kilomita uku kenan. Ban da ɗawafi, ban da tafiyar jifa a Mina. Ta yi shiru, can ta ce, "To ni sai dai a tura ni a keke."

7/ Wallahi yadda ta faɗe shi ne ya tsaya min a rai. Ba kuka, ba komai. Kamar wadda ta riga ta gama lissafi ta rufe littafi.

8/ Abin da ya hana ni yarda da "girma ne" kaɗai shi ne Inna, kakata, wadda ta haifi Umman. Ta haura 70, tana ƙauye. Za ta tsuguna tana tsintar shinkafa, dunduniya a ƙasa daram, ta gama ta miƙe ba ta dafa komai ba. In na gwada a gabanta na tuntsura baya, sai ta ce 'yan birni ƙashin biredi gare mu 😭

9/ Kar a ce ina yabon wahalar ƙauye. Daka da ɗaukar ruwa sun ci bayan Inna, ita ma tana da nata ciwon. Amma abu ɗaya a fili yake: gaɓar da ake kai ta ƙarshen lanƙwasarta kullum ba ta saurin rufewa. Inna ba ta taɓa daina tsuguno ba, shi ya sa tsugunon bai bar ta ba.

10/ Mu kuwa a gari: kujera, kushin, gado, masai na zama, injin markaɗe, adaidaita har ƙofar gida. Duk ni'ima ce, ba wanda zai so a mayar da shi baya. Sai dai mutum zai yi shekara biyar gwiwarsa ba ta lanƙwashe gaba ɗaya ba in ba a sallah ba. Ran da ya fara taƙaita ta a sallar ma, shikenan, babu sauran inda ake tambayarta.

11/ Shekaru suna da nasu kason, ba musu. Akwai wani abu mai kamar zare a tsoka da jijiyoyin gaɓa, ana ce masa kolajin. Da girma yana ƙara tauri, ruwan da ke cikinsa yana raguwa. Tsoka ita ma tana zaizayewa: daga shekara 30 ana rasa kusan kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma, in ba a yi mata aiki ba. Eh, daga 30. Masu dariya ku lissafa saura nawa.

12/ Wanda ya fi ba ni mamaki a aji shi ne guringuntsin da ke kan ƙasusuwan gwiwa. Ba shi da jijiyar jini. Daga ruwa mai yauƙin da ke cikin gaɓar yake cin abinci, kamar soso: a matsa ya fitar, a saki ya tsotsa. Motsi ne ke yin matsawar da sakin. Wato gwiwar da aka ce "a bar ta ta huta" wata da watanni, yunwa ake gana mata.

13/ Da na yi wa Umma wannan bayanin, ita ta ba ni misalin da ya fi nawa. Ta ce keken ɗinki in aka ajiye shi wata uku sai ya cije. Kuma ba ƙarfi ake sa masa ba, don sai ka karya wani abu. Mai ake ɗiga masa, a riƙa murzawa a hankali har ya saki. Na ce Umma kin gama kwas ɗin, saura a ba ki satifiket.

14/ Shi dogon zama ga abin da yake yi. Tsokar gaban kwankwaso da ta bayan cinya suna wuni a taƙure. Kafaɗu su zubo gaba, ƙirji ya matse, wuya ya miƙo kamar na kunkuru. Tela, direba, mai shago a Kwari, ma'aikacin ofis, duk fasali ɗaya. In sun miƙe tsaye sai sun yi taku uku-huɗu a sunkuye kafin baya ya yarda. Kun san tafiyar da nake nufi.

15/ Kafin mu fara komai sai da muka je asibiti. Wannan ba zaɓi ba ne. Aka auna hawan jini da suga, aka ɗauki hoton gwiwa. Suga lafiya lau. Gwiwar hagu ta fara zaizayewa amma ba ta yi nisa ba. Mai fisiyo ta duba ta, ta nuna abin da za a yi da wanda za a bari. Ni nawa aikin kawai in tsaya a kai a gida.

16/ Me ya kawo suga a maganar zik? Akwai ciwon da kafaɗa ke sandarewa, ta yi zugi da dare, hannu ya ƙi ɗaguwa, ya ƙi zuwa baya. Ya fi kama 'yan 40 zuwa 60, ya fi yawa a mata da masu ciwon suga. A Japan har suna suka ba shi: kafaɗar shekara hamsin. In Mama ta daina iya ɗaura ɗankwali ko cuɗa bayanta, a auna suga, kar a tsaya shafa man zafi.

17/ Yanzu ga abin da na fi so ku tafi da shi. Tsoka tana da 'yan gadi a cikinta, wasu ƙananan ma'aunai da ke jin tsawon da aka ja ta da saurin da aka ja ta. In aka fizge ta, kafin ma ƙwaƙwalwa ta sani sun aika saƙo laka, tsokar ta ƙanƙame don kare kanta. Shi ne abin da likita ke gwadawa in ya ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa ƙafa ta zabura.

18/ Don haka wanda ya sunkuya yana dannawa yana dawowa, yana dannawa yana dawowa, wai sai ya taɓa yatsun ƙafa, faɗa yake da jikinsa. Yana ja, tsoka na ja. A jikin ɗan 20 za a iya tashi lafiya. A jikin ɗan 55 da bai motsa ba shekara goma, a nan ake samun yagewa.

19/ Wani abin kuma: sakin da ake ji a makonnin farko, yawancinsa ba wai tsokar ta ƙara tsawo ba ne. Jiki ne ya fara yarda cewa wannan wurin ba haɗari, sai ya sassauta gadi. Lallashi ake yi. Shi ya sa kaɗan-kaɗan kullum ya fi a tara a yi na awa guda ran Asabar.

20/ Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin motsa jiki ta Amurka ta bayar ba ta da wuya. Aƙalla kwana biyu zuwa uku a mako, kullum ya fi. A riƙe kowace miƙa sakan 10 zuwa 30, masu manyan shekaru 30 zuwa 60. A maimaita sau biyu zuwa huɗu har a tara kamar minti ɗaya a kowane wuri. A tsaya inda aka ji ja, ba inda aka ji ciwo ba.

21/ Umma ba ta da lokacin kallon agogo, kuma in na ce ta ƙirga sai ta yi "ɗaya biyu uku goma". Sai muka koma carbi. Istigfari ashirin a nutse yana kai wa kusan sakan 30. Ta ce wannan kam ta yarda, ko gwiwa ba ta warke ba ta samu lada 😂

22/ Kuma yana da wani amfanin: mai istigfari ba ya riƙe numfashi. Mutane in suka ji ja sai su ɗauke numfashi su yi yunƙuri, fuska ta kumbura. Wannan yana ɗaga hawan jini nan take, kuma iyayenmu da yawa suna da shi, wasu ba su ma sani ba. In ba ta iya magana tana cikin miƙar, an wuce gona da iri.

23/ Ba a miƙa jiki da sanyinsa. Minti biyar zuwa goma na zagaya tsakar gida tukuna, ko bayan an gama shara, jiki ya ɗan ɗumama. Lokacin hunturu a ƙara. Mu bayan la'asar muka zaɓa, ta rufe keke kenan.

24/ Kuma ba daga tashi barci ba, musamman sunkuyo mai ƙarfi. Fayafayan da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna tsotsar ruwa da dare, su cika tam. Shi ya sa da safe mutum ya fi tsawo da kusan santimita ɗaya ko fiye (ku auna ku gani). A wannan lokacin lanƙwasa baya da ƙarfi ya fi matsa musu. A bari a ɗan yi zirga-zirga tukuna.

25/ Abin da muke yi bai kai minti 15 ba, kuma ba mu sayi komai ba. Bango, kujera, filo, tabarma, da tsohon gyale.

26/ Bango: ta dafa shi da hannu biyu, ƙafa ɗaya a baya, dunduniya a ƙasa, gwiwar baya a miƙe, ta ɗan matsa gaba har ta ji ja a sha-raɓa. Sai ta ɗan lanƙwasa gwiwar bayan, jan ya sauko wajen agara. Mutane suna raina wannan, alhali in idon sawu ya ƙage ba a iya tsuguno. Dunduniya za ta ɗaga, nauyi duka ya koma kan gwiwa.

27/ Bayan cinya: ba a tsaye ba, a kwance rigingine a kan tabarma. Gwiwa ɗaya a lanƙwashe, ɗaya ƙafar a saƙala gyale a tafinta a ɗago a hankali. Baya yana kwance a ƙasa, ba abin da ke matsa shi. Ranar farko ƙafar Umma ko rabin hanya ba ta kai ba ta fara salati.

28/ Gaban kwankwaso, wanda zaman keke ya taƙure: a tsaye, ta riƙe bayan kujera, ƙafa ɗaya a baya, ta matse ɗuwawu ta ɗan turo ƙugu gaba ba tare da ta gantsare ba. A bidiyo za ku ga ana yin sa a durƙushe. Mai ciwon gwiwa ba sai ya durƙusa ba.

29/ Kafaɗa: ta fuskanci bango, yatsu su riƙa hawa kamar gizo-gizo har inda suka tsaya. Muka sa alama da allin ɗinkinta. Sai gyale ta baya kamar mai cuɗa, hannun sama yana jan na ƙasa a hankali. Sai bakin ƙofa: hannu a jikin dogaran ƙofar, ta ɗan shiga gaba ƙirji ya buɗe. Allin nan ya yi aiki fiye da duk surutuna, don ido na ganin layi yana hawa.

30/ Zaman tahiya shi ne babban buri, kuma shi muka fi bi a sannu. Da farko a kwance kawai, tana jan dunduniya zuwa ɗuwawu tana mayarwa. Bayan makonni, da izinin mai fisiyo, ta fara durƙusawa a kan abu mai laushi da filo biyu tsakanin cinya da sha-raɓa, don kar gwiwar ta rufe gaba ɗaya. Daga biyu aka koma ɗaya. Daga ɗaya aka koma naɗaɗɗen zani.

31/ Sai wanda ba miƙa ba ne amma in babu shi an yi rabin aiki: tashi da zama a kan kujera sau goma ba dafawa. Laushi ba ƙarfi ba ya ɗaga mutum daga sujada. Tsokar gaban cinya ce ke tallafe gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma abin da ta ce wa manya shi ne minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Miƙa ƙari ce a kai, ba madadi ba.

32/ Yadda ake bambance ja da ciwo, don iyayenmu sun iya cije wa abu. Ja a tsakiyar tsoka, mai sauƙaƙawa in an ɗan jima: lafiya. Suka a cikin gaɓa kamar allura, ko abu kamar wutar lantarki yana bin ƙafa, ko sagewa: a tsaya. Ɗan tsamin jiki washegari ba komai. In ciwon ya fi na kullum har ya kwana ya wuni, ko gwiwa ta kumbura, an zarce, a rage.

33/ Ku riƙa kallon fuskarsu, kar ku dogara da bakinsu. Umma za ta ce "ba zafi" alhali ta rintse ido ta damƙe tabarma.

34/ Bari mu zo kan abubuwan da muke yi a gidajenmu da sunan taimako. Na ɗaya: "zo ka taka min baya". Kowa ya yi wannan yana yaro, har a ba shi alawa. Yana da daɗi na minti goma, na yarda. Amma mata bayan ɗaukewar al'ada, wadda yawanci ke zuwa tsakanin 45 da 55, ƙashinsu yana saurin rauni, kuma ba a jin sa sai ya karye. Yaro mai kilo 25 a kan haƙarƙarin da ya yi rauni ba tausa ba ce.

35/ Masu irin wannan raunin ƙashi, sunkuyo mai zurfi da murɗa ƙugu da ƙarfi ma ba nasu ba ne. In Mama ta rage tsawo, ko bayanta ya fara ranƙwafawa, ko ta taɓa karyewa a 'yar faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba, a fara ganin likita kafin tabarma.

36/ Sai masu murɗe wuya ya yi ƙas, a shagon aski ko a majalisa. Don Allah a daina yi wa manya. Jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta nan suke bi. Ba kasafai ake samun matsala ba, amma in aka samu shanyewar ɓarin jiki ake magana. Ribar me? Ƙara ce kawai.

37/ Ita ƙarar ma ba "ƙashi ne ya koma wurinsa" ba. Kumfar iska ce a ruwan gaɓa. Wani likita a Amurka, Donald Unger, ya yi kusan shekara 60 yana ƙas-ƙas da yatsun hannu ɗaya ya bar ɗayan, don ya ga ko zai samu amosanin gaɓa. Bai samu a ko ɗaya ba, har aka ba shi kyautar barkwanci ta Ig Nobel a 2009. To yatsu kenan. Wuya ba yatsa ba ne.

38/ Sai bidiyon TikTok. 'Yar shekara 24 da ta tashi tana wasan lanƙwasa tun tana firamare ta ce "yi wannan kwana bakwai ciwon baya ya tafi", kai kuma ka tura wa Mama a WhatsApp. Haba. Ba ta san Mama tana da hawan jini ba, ba ta ga hoton gwiwarta ba.

39/ Sai haɗin kemis. Ƙwayoyi huɗu-biyar a ƙulle a leda, ba suna, "na ciwon jiki". Irin su diclofenac da ibuprofen in aka daɗe ana sha kullum suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, suna ɗaga hawan jini. In akwai sitiroyid a ciki, shi kuma yana ɗaga suga yana raunana ƙashi. Ku leƙa jakar iyayenku. Ni da na leƙa ta Umma sai da na zauna.

40/ Akwai halin da ba a maganar miƙa kwata-kwata, asibiti ake nufa a ranar. Ciwon baya tare da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko sagewa a tsakanin cinyoyi, ko ƙafa ta fara mutuwa. Sha-raɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi: kar a matsa, kar a yi tausa, yana iya zama gudan jini ne. Gaɓa ta yi ja ta kumbura da zazzaɓi. Ciwon ƙirji ko jiri in an motsa.

41/ Wanda ba na gaggawa ba amma a je: ciwon da ke tada mutum barci kullum ga rama ba dalili, ko ƙagewar safe da ke wuce rabin awa zuwa awa da kumburin yatsu. Ta zaizayewar gaɓa yawanci ba ta kai minti 30 take saki. Wadda ta daɗe wani ciwon ne daban, maganinsa daban. Mu duka "sanyi" muke ce musu.

42/ To ya aka ƙare da Umma? Mako biyun farko, ba komai. Ta ce, "Dakta, wannan wasan yara ne, ga ɗinkin mutane na jira na." Na koma makaranta, ƙanwata ta karɓi aikin, ni kuma kullum bayan la'asar sai na kira. Wajen mako na shida aka turo min hoton bango: layin alli ya hau da kusan tsawon yatsa.

43/ Yanzu wata bakwai. Tana jan zik ɗinta. Tana sujada a ƙasa, tana zaman tahiya da zani a naɗe a bayan gwiwa. Tana zagaya unguwa da maƙwabciyarmu minti 25 ba ta tsaya ba, kuma duk minti 40 tana tashi daga kan keke ko da ruwa ne ta ɗebo. Haɗin kemis ya fita daga jaka.

44/ Abin da bai canja ba: zaizayewar tana nan, miƙa ba ta mayar da guringuntsin da ya tafi. Ran da aka yi sanyi sosai gwiwar hagu tana ƙi, ta yi Asuba a zaune. Da ta yi mako uku ba ta yi ba lokacin ɗinkin sallah, layin alli ya sauko. Kilomita ukun Safa da Marwa ba mu kai ba tukuna. Amma ta daina maganar a tura ta, yanzu tambaya take wane irin takalmi ya fi.

45/ Mafi wuyar abin ba tsoka ba ce, baki ne. Ba ka isa ka tsaya a kan mahaifiyarka ka ce "yi kaza" ba. Ni ce mata na yi an ba mu aiki a makaranta ina neman wanda zan koya a kansa, kuma gaskiya ne an ba mu. Uwa za ta ƙi yi don kanta, amma in aka ce don makin 'yarta ne har tabarmar za ta shimfiɗa. Kuma a ɗaki, a rufe ƙofa. Ba a gaban surukai ko 'yan koyon ɗinki ba.

46/ Inda na maƙale shi ne Abba. Shekara 58, daga safe har magariba a zaune a shago. Juya wuya ya duba baya in zai yi ribas ya zama sai ya juya da kafaɗa duka. Sa safa sai ya zauna a bakin gado yana nishi. Da na kawo maganar, cewa ya yi, "Uwata, ni da girmana zan kwanta ina ɗaga ƙafa sama kamar jariri?"

47/ Abin da aka samu zuwa yanzu biyu ne. Ya daina sa autanmu ya taka masa baya, wannan ma Umma ce ta sa baki. Kuma ya yarda ya riƙa takawa zuwa masallacin da ya fi nisa da Isha'i, don abokinsa can yake sallah. Bango da gyale kam ko kallo ba su ishe shi ba.

48/ Waɗanda suka taɓa shawo kan mahaifinsu a irin wannan, maza musamman, ku faɗa min ta ina kuka bi. Aboki kuka tura masa? Liman? Likita namiji sa'ansa? Ina dawowa gida hutu nan da mako biyar.